Iyakar Aikin Ɗan Sintiri

A yawancin unguwannin Kano da Zariya da Katsina da Gusau, wanda ke tsaye ƙarfe biyu na dare yana gadin barcin jama'a ba ɗan sanda ba ne. Tela ne, ko bakanike, ko direban Adaidaita Sahu, wanda ya tashi daga sana'arsa bayan isha'i ya ɗauko tocila da gora da usur. Da sha biyu ta yi sai a ja ƙarfen da aka gitta a bakin lungu a danna kwaɗo, duk wanda ya iso bayan nan sai an haska masa fuska an tambaye shi gidan wa za shi. Idan wata ya ƙare ma'aji zai bi gida-gida da littafinsa yana karɓar kuɗin sintiri, wani ya bayar da daɗin rai, wani ya aiko yaro ya ce mai gidan ba ya nan alhali ga takalmansa a zaure. Da abin da aka tara ake sayen batir da shayin dare, a raba ɗan ragowar ga masu aikin. Adadin 'yan sandan Nijeriya da aka saba ambatawa bai wuce dubu 370 da 'yan kai ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma kaso mai tsoka daga cikinsu na riƙe da jakunkunan manya ko suna zaune a ƙofar gidajensu, duk da umarnin janye su da aka sha bayarwa. Saboda haka gardamar ko ya dace a yi 'yan sintiri ko bai dace ba, rayuwa ta riga ta yanke ta tun tuni. Abin da ya rage a tattauna shi ne inda aikinsu ya kamata ya tsaya. Ra'ayina shi ne amfanin ɗan sintiri gaba ɗaya yana cikin abin da ya sani game da wurin da yake zaune da mutanen da ke cikinsa, kuma ɓarnarsa tana farawa ne a wurare biyu, ranar da ya ɗauki hukunci a hannunsa, da ranar da ya fita daga inda saninsa ya kai.

Wannan sani shi ne jarin da babu kwalejin 'yan sanda da za ta iya koyar da shi. Ɗan sandan da aka turo daga wata jiha mai nisa, wanda watakila ko Hausar kirki ba ya ji, bai san gidan da ake sayar da ƙwaya ta taga ba, bai san yaron da ya sayi sabon babur alhali ba ya sana'ar komai ba, bai san hanyar da ta ratsa ta bayan maƙabarta ta ɓulla bakin titi ba. Ɗan unguwa ya san duk wannan ba tare da ya yi bincike ba. Tsarin mulkin gargajiya a ƙasar Hausa a kan irin wannan sani aka gina shi: baƙo ya sauka a san da zamansa wurin mai unguwa, mai unguwa ya sanar da dagaci, dagaci ya kai ga hakimi. Idan aka yi satar shanu, mafarauta da 'yan tauri ne ke bin sawu, amma ɓarawon da aka kamo gaban alƙali ake kai shi. Babbar hujjar zamaninmu a kan darajar wannan sani ta fito ne daga Maiduguri a tsakiyar 2013. Sojoji sun shafe shekaru suna fafatawa da Boko Haram a cikin birnin ba su iya bambance ɗan ƙungiya da ɗan makwabcinsa ba, abin da ya sa idan bam ya tashi sai a kwashe samarin unguwa ɗungurungum, a ƙone shaguna, mai laifi da marar laifi su sha wuya tare. Da matasan gari suka gaji suka fito da sanduna da adduna, waɗanda aka laƙaba wa suna 'yan kato da gora, ba ƙarfin makami suka kawo ba, domin gora ba ta tare harsashi. Abin da suka kawo shi ne nuna yatsa: wannan ɗan wane ne, tare muka yi makarantar allo, ga gidan da yake ɓoye makamai. Cikin 'yan watanni mayaƙan suka rasa mafaka a birnin suka koma daji.

Amma labarin bai tsaya nan ba, kuma rabinsa na biyu ne masu yabon 'yan kato da gora ba su cika son a tuna ba. Yatsan da ke nuna mai laifi yana iya nuna abokin gaba a neman aure, ko wanda ake binsa bashi, kuma a wancan lokacin wanda aka nuna ba lallai ne ya ga kotu ba. Bayan harin da aka kai barikin soja na Giwa da ke Maiduguri a watan Maris na 2014, ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto cewa an kashe ɗaruruwan tsararrun da suka tsere lokacin harin aka sake kamawa ba tare da shari'a ba, ta kuma ambaci hannun 'yan kato da gora tare da na sojoji. A 2016 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa sunan ƙungiyar cikin jerin masu amfani da ƙananan yara a fagen yaƙi. Abin lura a nan shi ne yadda aka samu gyara. Tun da wuri gwamnatin jihar Borno ta Kashim Shettima ta ɗauki wani ɓangare na matasan ƙarƙashin shirin BOYES, ta ba su horo da kaki da alawus na wata-wata, aka kasa su shiyya-shiyya kowace da kwamandanta. Da yake akwai shugabannin da za a iya zama da su a teburi, a watan Satumba na 2017 ƙungiyar ta sa hannu a kan yarjejeniyar daina ɗaukar yara, ta sallami 833 a Oktoban 2018 da wasu 894 a Mayun 2019, kuma a 2021 aka cire sunanta daga jerin. Ƙungiyar da ke da rajista da shugaba ana iya kama ta da laifi a tilasta mata ta gyara. Wadda ba ta da ko ɗaya babu ma wanda za a aika wa takarda.

Irin wannan ta biyun ce ta addabi Zamfara da makwabtanta. Mutanen yankin suna bambanta ɗan banga, wanda galibi hakimi da baturen 'yan sanda sun san da shi, da ɗan sa kai, wanda ya tashi da kansa saboda an kashe masa uba ko an kore masa shanun noma. Zafin da ya fito da ɗan sa kai na gaske ne, babu mai hankalin da zai raina shi. Sai dai a farkon shekarun 2010, da satar shanu da fashi suka yi ƙamari a yankin Ɗansadau da Zurmi da Shinkafi, salon da 'yan sa kai suka ɗauka shi ne su shiga kasuwa ranar da take ci, su zaro wanda ake zargi, kusan kullum Bafillace, su kashe shi a bainar jama'a. Wasu daga cikin waɗanda aka kashe ɓarayi ne. Wasu kuwa laifinsu bai wuce sanda a kafaɗa da kamannin fuska ba, kuma 'yan uwan waɗannan ne suka zama dakarun da 'yan bindiga ba su sha wahalar nema ba. A watan Afrilu na 2014 aka buɗe wuta a kan taron 'yan banga da mafarauta a 'Yar Galadima ta ƙaramar hukumar Maru, mutanen yankin suka ce sun binne fiye da 100. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M. D. Abubakar ya jagoranta ya ƙiyasta cewa an kashe fiye da mutum 6,000 a jihar tsakanin 2011 da 2019. A Sakkwato ma haka aka gani a watan Oktoba na 2021: 'yan sa kai suka kashe wasu Fulani a kasuwar Mamande ta ƙaramar hukumar Gwadabawa, ba a daɗe ba 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo suka kashe fiye da mutum 40, kafin shekarar ta ƙare Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya haramta ƙungiyar. Ba ina cewa 'yan sa kai ne suka haifi ta'addancin daji ba, domin rikicin burtali da makiyaya, da zaluncin wasu alƙalai da masu sarauta, da kwararar makamai, duk sun riga su. Amma kisan kasuwa ya mayar da matsalar sata ta koma gabar ƙabila, kuma ita gaba ba ta ƙarewa da kama ɓarawo.

Wanda yake ganin wannan matsalar Fulani ce kawai, ya tuna Uromi. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana saura kwanaki kaɗan ƙaramar salla, wasu mafarauta 'yan jihar Kano, yawancinsu daga yankin Bunkure, suka taso daga jihar Ribas a bayan babbar mota za su gida. 'Yan sintirin garin Uromi a jihar Edo suka tare motar, suka ga bindigogin farauta na gargajiya, aka yi shelar an kama masu garkuwa da mutane, jama'a suka taru aka kashe mutum 16 aka cinna musu wuta. Mutanen Uromi ba ƙarya suke yi ba da suka ce masu garkuwa sun hana su noma. Tsoronsu daidai yake da na mutumin Tsafe ko Batsari. Abin da ya faru shi ne ɗan sintirin ya bar lungun da ya san kowa ya hau babbar hanyar da bai san kowa ba. A kan titin da ya haɗa kudu da arewa, duk wanda ya wuce baƙo ne, don haka jarin ɗan sintiri, wato sanin wane ɗan wane, ya zama babu shi sam. Abin da ke maye gurbinsa shi ne harshe da sutura da kama, kuma da waɗannan aka yanke wa mafarautan hukunci, kamar yadda ake yanke wa Bafillace a kasuwar ƙauye. Gwamna Monday Okpebholo na Edo ya dakatar da kwamandan rundunar tsaron jihar, ya hana ƙungiyoyin sintiri marasa rajista aiki, ya kuma je Kano ta'aziyya, duk bayan an gama binne mutane. Ko a 2012, ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal da aka kashe a Aluu bisa zargin sata, ihun "ɓarawo" ne ya ci su a garin da ba nasu ba.

Dokar ƙasa ba ta bar wannan batu a duhu ba, ko da yake kaɗan ne daga cikin masu sintiri aka taɓa karanta musu ita. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi da dama har da Kano da Kaduna suka yi irin tasu, ta ba kowane ɗan ƙasa damar kama mutumin da ya aikata laifi a gabansa ko wanda yake da ƙwaƙƙwaran dalilin zarginsa da babban laifi, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Iyakar ke nan. Babu inda aka ba shi damar tsarewa a ofishin ƙungiya, ko ɗaure mutum a jikin turke ana zuba masa ruwa ana bulala har ya amsa, abin da dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta ko ga ɗan sanda mai kaki. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar, dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma da za su yi aiki tare da ita. Ƙungiyar 'yan sintiri ta ƙasa, VGN, wadda ke da rajista tun 1999, ta daɗe tana neman dokar da za ta ba ta matsayi na hukuma, majalisa ta taɓa amincewa amma shugaban ƙasa bai sa hannu ba. A haka take aiki, gwamnati na amfani da ita ba tare da ta ɗauki nauyinta ko alhakin abin da ta aikata ba.

Abin mamaki, tsarin aikin sa kai mafi tsafta da ƙasar nan ta taɓa ginawa yana kan hanya ne, wurin da na ce ɗan sintiri ya fi zama haɗari. Lokacin da gwamnatin Babangida ta kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, a watan Fabrairu na 1988, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, an gina ta da ma'aikata masu albashi da kuma 'yan sa kai da ake kira Special Marshals. Sharuɗɗan shiga su ne abin nazari. Dole mutum ya kasance yana da sana'ar da ke ciyar da shi da lasisin tuƙi mai kyau, a tantance shi, a ba shi horo da katin shaida, a sa shi ƙarƙashin ofishin hukumar na yankinsa. Ba a biyansa albashi, ba ya riƙe makami, idan ya kama direba da laifi takarda ce za a rubuta, tarar kuma banki ake biyanta, ba ta bi ta hannunsa. Kowane sharaɗi a nan ya toshe wata ƙofa ce: mai sana'a ba ya fitowa titi neman na cefane, wanda ke da lamba ana iya kai ƙararsa, wanda ba ya taɓa kuɗin tara ba shi da ribar ƙirƙiro laifi. Tsarin yana da nasa rauni. Ya fi jan malaman jami'a da 'yan kasuwa da manyan ma'aikata na birni, wasu ma don kwalliyar riga da katin da za a nuna a shingen bincike suke shiga, kuma a hanyoyin karkara inda motar kasuwa ke kifewa da mutane da awaki ba a ganinsu. Amma mu ma muna da namu na gida da ya cika wannan giɓi ba tare da doka ta kafa shi ba. Duk wanda ya taɓa zuwa sallar idi ko tafsirin azumi a babban masallaci ya ga 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na Fityanul Islam suna raba motoci, suna tsallakar da tsofaffi, suna buɗe hanya ga motar asibiti. Ba su da ikon cin tarar kowa, kuma direbobi na bin hannunsu fiye da yadda suke bin na wasu masu kakin gwamnati, saboda kowa ya san babu abin da za su nema a wurinsa.

Aikin da hanya ke buƙata daga 'yan sa kai yana da yawa, kuma kusan babu ɗaya daga ciki da ke buƙatar tare matafiyi a bincike shi. Alƙaluman FRSC na nuna mutane fiye da 5,000 ne ke mutuwa a haɗarin mota kowace shekara, kuma wannan waɗanda aka rubuta ne kawai. Idan mota ta kife tsakanin Kano da Zariya ko a hanyar Funtuwa zuwa Gusau, waɗanda ke fara isa wurin mutanen ƙauyen da ke bakin titi ne, da niyya mai kyau da rashin sani: a finciko mai karayar wuya ta hammata, a ɗura wa wanda ya suma ruwa, a cusa mai zubar jini a bayan akori-kura ba a ɗaure raunin ba, wasu kuma su tsaya ɗaukar hoto da waya. Matasa goma a kowane gari na bakin hanya da aka koya musu tsayar da jini, da ɗaukar mai rauni a kan katako, da jera ganye ko alama tun daga nesa don kada wata motar ta afko, da kiran lambar gaggawa ta 122, za su ceci rayukan da shingen bincike ɗari ba zai ceta ba. A Majiya ta jihar Jigawa, a watan Oktoba na 2024, tankar fetur ta faɗi cikin dare, mutane suka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi ta kashe fiye da 150. Bayan wata uku aka maimaita a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, fiye da 80 suka mutu. A irin wannan wuri ne sanin ɗan gari ke da amfani ko a bakin titi, domin wanda zai iya korar taron da talauci ya ingizo shi ne wanda zai kira mutum da sunansa ya ce masa, Malam wane, don Allah ja yaranka ku koma gida. Kishiyar wannan ita ce igiyar da ake gittawa a hanya da sunan tsaro, da tudun rage gudu da ake ginawa cikin dare ba fenti ba alama, da hannun da ake miƙa wa direba a ce a ba da na ruwa. Wannan haraji ne da babu wanda ya ɗora, kuma yana koya wa matashi cewa riga mai sheƙi hanyar samu ce.

Za a ce, kuma da gaskiya, wannan duk maganar birni ce. Yaya za ka gaya wa manomin Maradun, wanda mutum hamsin ke shigo wa gari a kan babura da AK-47, kuma ofishin 'yan sanda mafi kusa yana da nisan sa'a biyu da jami'ai 'yan ƙalilan, cewa aikinsa kallo ne da busa usur? Ba na faɗin haka. Kare kai da iyali haƙƙi ne da shari'ar Musulunci da dokar ƙasa duka suka yarda da shi, kuma garuruwa da yawa suna nan a yau ne kawai saboda samarinsu sun tsaya a bakin ganuwa da bindigar toka. Iyakar da nake magana a kai ba ta tsakanin mai makami da marar makami ba ce. Tana tsakanin wanda ya tare mahara a ƙofar garinsu da wanda ya wayi gari ya hau babur ya tafi rugar da ke kusa ya ƙone ta saboda sawun maharan ya bi ta wajen. Na farko ya san wanda yake harbi, na biyu zato yake yi. Rundunonin da jihohi suka kafa, irin su dakarun tsaron al'umma na Katsina da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 da mutum kusan 1,500, da Askarawan Zamfara fiye da 2,600 da Gwamna Dauda Lawal ya yaye a Janairun 2024, yunƙuri ne na shigar da wannan ƙarfi cikin rajista da horo da umarni, kuma ta wannan fuska sun fi barin kowa ya yi gaban kansa. Sai dai kaki kaɗai bai isa ba. A Janairun 2025 jirgin yaƙi ya yi luguden wuta a Tungar Kara ta jihar Zamfara ya kashe fiye da mutum goma da suka haɗa da 'yan sintirin da suka fito bin sawun 'yan bindiga, domin daga sama babu abin da ya bambanta su da waɗanda suke bi, kuma babu wanda ya sanar da wani.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan nauyi, kuma shi ne za ka ji daga bakin kowane ɗan sintiri: mun kama mun miƙa, bayan kwana uku muka gan shi a kasuwa yana mana dariya, daren nan kuma aka zo aka kashe wanda ya nuna shi. Duk wanda ya ce wannan ba ya faruwa bai san ƙasar ba. Cin hanci a caji ofis gaskiya ne, kuma duk lokacin da aka sayar da mai laifi an koya wa gari guda cewa gara a gama da na gaba a daji. Amma akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika faɗa ba. Kundin tsarin mulki bai yarda a riƙe mutum fiye da kwana ɗaya ko biyu ba a kai shi kotu ba, beli kuma ba sallama ba ne. Sau da yawa 'yan sintiri kan kawo mutum jina-jina, babu kayan da aka kama shi da su, babu wanda ya rubuta lokaci da wuri, ranar zaman kotu kuma babu shaida ko ɗaya da ya zo, wani don tsoro, wani don ba shi da kuɗin mota zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma. Alƙalin da ya ga wannan babu abin da zai yi sai ya kori ƙarar. Maganin yana da araha idan aka kwatanta da kuɗin motocin sintiri da gwamnoni ke rabawa a gaban kyamara: littafin miƙa wanda ake zargi, da sa hannun ɗan sandan da ya karɓa da na mai unguwa, kwafi ɗaya ya tafi wurin hakimi, mutum ɗaya mai ilimi a kowace ƙungiya da aikinsa shi ne bin shari'a har ƙarshenta, da kuɗin motar shaidu. Ɗan sandan da ya san sunansa na rubuce a wurare uku zai yi tunani kafin ya buɗe ƙofar baya. Wannan ba zai kawar da cin hanci ba, amma zai sa a san wanda za a tambaya.

Akwai kuma masu cewa a daina wahalar da kai, a mayar da su duka ma'aikata masu albashi, ko a kafa 'yan sandan jihohi a huta. Albashi na rage roƙo a hanya, wannan gaskiya ne, kuma rashin adalci ne a bar iyalan ɗan sintirin da aka kashe a bakin aiki da buhun shinkafa ɗaya da addu'a. Amma wanda ke biya shi ke da ƙungiya. Arewa ta taɓa samun 'yan sanda na gida, 'yan dokan En'e, waɗanda suka san kowane lungu, kuma dattawan jam'iyyar NEPU ba su manta yadda aka yi amfani da su wajen kama 'yan adawa a shekarun 1950 da farkon 1960 ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta narkar da su cikin rundunar tarayya. A kudu maso gabas, Bakassi Boys sun fara ne a Aba a ƙarshen shekarun 1990 a matsayin 'yan kasuwa masu korar 'yan fashi, jama'a na tafa musu, gwamnoni suka rungume su, ba a jima ba aka fara zarginsu da kashe masu sukar gwamnati, har gwamnatin tarayya ta murƙushe su a 2002. Ba banza ba ne kalmar banga a bakin Bahaushe take nufin mai gadin gari kuma take nufin ɗan daban siyasa. Ƙungiyar da ke cin kuɗin sintirin da aka tara gida-gida tana jin kunyar masu gidajen. Wadda shugaban ƙaramar hukuma ke biya daga aljihun da ba a bincika, ranar zaɓe za a ga inda ta tsaya.

Saboda haka abin da ya fi albashi muhimmanci shi ne wa ke cikin ƙungiyar da kuma wa ke iya korar ɗan cikinta. A garin da Hausawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya, ƙungiyar sintirin da babu ɗan ruga ko ɗaya a cikinta, kuma arɗo ba ya zama a kwamitinta, rabin yankin kawai ta sani, sauran rabin zato za ta yi. Haka a Sabon Garin Kano ko Tudun Wadar Kaduna ko unguwannin Jos, haka kuma a garuruwan kudu da ke da Sarkin Hausawa wanda za a iya kira a waya kafin a tara jama'a a kan baƙo. Sunayen 'yan ƙungiya da hotunansu su kasance wurin mai unguwa da baturen 'yan sanda, duk bindigar da ke hannunsu a san lambarta da mai riƙe da ita, a rufe ɗakunan tsare mutane da ke bayan ofisoshinsu, a kuma fitar da su daga manyan hanyoyin tarayya sai dai don agaji ko tare da jami'in hukuma. Rajistar makaman nan tana da wani dalili da ba a cika tunawa da shi ba. A Borno kaɗai ana ƙiyasta 'yan kato da gora sun haura 20,000, ƙalilan ne daga cikinsu aka ɗauka aikin soja ko aka sa a tsarin alawus, sauran kuma samari ne da suka shafe fiye da shekara goma ba su koyi wata sana'a ba sai tsaron shinge. Jihohin arewa maso yamma yanzu suna tara nasu dubban, suna raba musu bindigogi da babura, kuma ranar da daji ya lafa, ko ranar da sabon gwamna ya ce ba shi ya ɗauke su ba, da wannan littafin ne kaɗai za a iya bi gida-gida a karɓo abin da aka raba.